Hatimin da Bai Iso Ba: Yadda Na'ura Ta Koyi Cewa "Ban Gani Ba"

Rana takan kai tsakar sama a birnin Kano minti biyu da ɗoriya kafin ta kai a Gwarzo. Tsawon ƙarnuka wannan bambanci bai taɓa damun kowa ba. Ladanin Jama'a yana duba inuwarsa ya kira azahar, na Kabo ma ya duba tasa, kuma dukkansu sun yi daidai. Falken da ya taso daga Getso zuwa kasuwar Kurmi da zango yake auna tafiyarsa, alkawarinsa kuwa da hantsi ko da la'asar yake ƙulla shi.

Yau idan wani ya buga waya daga Jama'a zuwa Legas, muryarsa na ratsa na'urorin da dole bugun agogonsu ya tafi tare, a wasu wurare har da gwargwadon kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Tsakanin inuwar ladani da wannan ma'auni akwai tarihi mai tsawo. Wannan maƙala ta bi sawun wani ɗan lungu ne na tarihin: me ya kamata a yi idan na'urar da aka ɗora wa rubuta lokacin fitar saƙo ta kasa kawo rubutun? Tambayar ta cinye wa injiniyoyi fiye da shekara goma, kuma amsar da suka tsaya a kanta za ta yi wa duk mai riƙe da rajista amfani, ko a banki yake ko a asibiti.

Dogo ya kawo agogo

Buƙatar agogo ɗaya ga garuruwa da yawa ta zo ne da wayar tangaraho da jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911. A kan layi guda, jiragen da ke fuskantar juna sai sun haɗu a tashar da aka tsara, a mintin da aka tsara, in ba haka ba a yi karo. Tsakanin tsakar ranar Kano da ta Legas kuwa akwai kusan minti 20.

Gwamnatin mulkin mallaka ta yi ta kai-komo kafin ta tsaya. A 1905 Legas ta ɗauki agogon GMT. A 1908 ta koma lokacin ranarta, wanda ya ɗara GMT da minti 13 da sakan 35. Da aka haɗe Kudu da Arewa a ranar 1 ga Janairu 1914, sai aka sa wa ƙasar duka ƙarin rabin awa a kan GMT. A ranar 1 ga Satumba 1919 aka mai da shi awa guda, kuma shi ne "agogon Najeriya da Nijar" da muke ji a rediyo har gobe. Tun daga nan agogon hannun mutumin Gwarzo ya riga ranarsa da kusan rabin awa, bai kuma ga wata illa ba, domin minti shi ne ma'aunin zamanin.

Lambobi huɗu na Mills

Da kwamfutoci suka fara magana da juna, minti ya yi kauri da yawa. A 1985 wani masani Ba'amurke, David Mills, wanda ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Delaware, ya fitar da tsarin NTP, wanda har yau yake saita agogon mafi yawan na'urorin da ke kan intanet. Mills ya rasu a Janairu 2024. Dabararsa tana da sauƙin fahimta idan aka kwatanta ta da aike.

A ce wani ofishi a Gwarzo yana son sanin ko agogonsa ya yi daidai da na wani ofishi a Kabo. Sai ya ba ɗan acaɓa takarda ya rubuta: ta tashi ƙarfe 10:00. Magatakardan Kabo ya karɓa ya rubuta 10:35 bisa agogonsa, ya ba da amsa ya rubuta 10:40. Amsa ta dawo Gwarzo 11:05. Zuwa da dawowa sun ci minti 65, a cire minti 5 da takardar ta zauna a Kabo, saura 60, wato minti 30 kowace hanya. Ke nan takardar ta isa Kabo ƙarfe 10:30 a agogon Gwarzo, alhali agogon Kabo na nuna 10:35. Kabo ta yi gaba da minti 5.

Kowace lamba cikin huɗun nan ita ake kira hatimin lokaci. A lura da abu guda, domin shi ne ƙashin bayan labarin duka. Idan lamba ɗaya ta ɓata, lissafi ba zai yiwu ba, kuma kowa zai gani. Idan kuwa lamba ɗaya ƙarya ce, lissafin zai fito sumul, ya ba da amsar da ba daidai ba, babu wata alama a jikinta.

NTP yana kai agogo kusa da gaskiya da 'yan milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Abin da ya hana shi wuce nan shi ne wurin da ake buga hatimin. Manhaja ce ke duba agogo ta rubuta, sa'an nan saƙon ya bi layi a cikin kwamfuta kafin ya fita kan waya. Wani lokaci layin gajere ne, wani lokaci dogo, kuma ba a san tsawonsa tun da farko. Kamar magatakarda ne ya rubuta 10:00 a kan takarda, ɗan aike kuwa ya tsaya gaisuwa a zaure.

Hatimi a bakin ƙofa

Masana'antu da ɗakunan gwaji suna son abin da ya fi haka. A 2002 cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da ma'auni mai lamba 1588, wanda aka fi sani da PTP, bisa aikin da John Eidson ya jagoranta a kamfanin Agilent. An sabunta shi a 2008, aka sake a 2019. Babban canjinsa shi ne ɗauke hatimi daga hannun magatakarda zuwa hannun maigadi. Katin sadarwa, wato ɓangaren kwamfuta da ake soka wa wayar intanet, shi da kansa yake riƙe agogo, yana rubuta lokacin da farkon fakitin saƙo ya taɓa waya. Da wannan aka gangaro ƙasa da maikrosakan guda. Domin a ji ƙanƙantarsa: a cikin wayar faiba, haske yana tafiyar kusan mita 200 ne kawai a maikrosakan ɗaya.

Sai dai maigadi ba ya sanin lokacin fita sai takarda ta riga ta wuce shi. Saboda haka a tsarin da aka fi amfani da shi ana aika saƙo biyu. Na farko ya fita, kati ya rubuta lokacinsa, manhaja ta karɓo rubutun, ta aika saƙo na biyu mai cewa: wancan da ka gani ya bar nan a lokaci kaza. Wanda ke tsakanin kati da manhaja, mai ɗauko rubutun ya miƙa, ƙaramar manhaja ce da ake kira direba.

Tsarin Linux, wanda ke tafiyar da mafi yawan manyan kwamfutocin intanet, ya buɗe wannan ƙofa a 2009 ta aikin Patrick Ohly na kamfanin Intel. A 2011 Richard Cochran ya ƙara hanyar sarrafa agogon da ke cikin kati, ya kuma rubuta ptp4l, manhajar da ke gudanar da musayar saƙonnin. Daga nan ne matsalar ta fara bayyana.

Allo mai layi ɗaya

Katunan farko, irin su 82576 da 82599 da i210 na Intel, gurbi ɗaya tak suke da shi na ajiye hatimin fita. A ɗauka maigadin nan allo gare shi mai ɗaukar layi ɗaya. Idan ya rubuta, ba ya sake rubutu sai an zo an karanta an wanke. An yi haka da gangan, don kada sabon rubutu ya hau kan wanda ba a karanta ba. Amma kariyar ita ce ta zama tarko.

Wani lokaci fakiti na biyu yakan zo neman hatimi alhali allo na ɗauke da na farko. Wani lokaci kuma direba ya yi wa fakiti alkawarin hatimi, ya kulle allo dominsa, sai waya ta katse kafin fakitin ya fita. Hatimin ba zai taɓa zuwa ba, direba yana ta jira, kuma duk mai nema bayansa sai ya tarar da ƙofa a rufe. A ɓangaren karɓa ma akwai irinta a wasu katunan: kati ya rubuta lokacin isowar fakiti, sai aka zubar da fakitin saboda cunkoso. Babu wanda zai zo ya karanta allon, don haka hatimi ya tsaya cak. Intanet na aiki, saƙonni na wucewa, fitilun kati na walƙiya kamar kullum, agogo kuwa yana zamewa a ɓoye.

Mafi haɗari ita ce ta huɗu. Hatimi ya makara, direba ya haƙura ya ci gaba, sa'an nan rubutun ya bayyana a daidai lokacin da ake jiran na wani fakitin daban. Idan direba ya ɗauka ya miƙa, ya ba wa takardar yau lokacin takardar jiya.

Gyara bayan gyara

Maganin bai zo rana ɗaya ba. Wajajen 2013 injiniyoyin Intel, cikinsu har da Jacob Keller da Matthew Vick, suka sa wa direbobinsu wa'adi. A direban igb, idan hatimin fita bai zo ba cikin sakan 15, sai a saki fakitin, a wanke allo, a buɗe ƙofa. A ɓangaren karɓa aka sa mai sintiri: idan ya ga allo a cike har sakan 5 babu wanda ya taɓa shi, sai ya karanta ya zubar, domin kawai kati ya ci gaba da rubutu. Kowane irin wannan lamari kuma aka sa a ƙirga shi, yadda mai kula da na'ura zai iya tambaya a gaya masa sau nawa aka yi.

A 2017 Keller ya gano wata ɓaraka mai ban sha'awa a direbobi da dama. Direba yana miƙa hatimi ga manhaja tukuna, sa'an nan ya cire kwaɗon allo. Manhaja mai sauri kuwa, da zarar ta karɓa, sai ta aiko da sabon fakiti a cikin wannan ɗan tsakanin, ta tarar da kwaɗo bai fita ba, a tsallake ta shiru. Gyaran bai wuce sauya jeri ba: a cire kwaɗo, sa'an nan a miƙa. A wannan zagayen ne aka ƙara ƙirga na daban domin fakitocin da aka tsallake saboda allo na cike. Kafin nan irin waɗannan suna ɓacewa ne babu ko shaida.

Ita ma manhajar ptp4l tana da nata wa'adin, wanda ya fi na direba gajarta nesa ba kusa ba. Da can milisakan 1 take jira, daga baya aka ɗaga shi zuwa 10. Idan hatimi bai zo ba, takan rubuta cewa wa'adi ya ƙare, ta ayyana tashar a matsayin mai matsala, ta janye na sakan 16 kafin ta sake gwadawa. Wannan saƙon gargaɗi ya zama sananne ga duk wanda ya taɓa kafa PTP.

Masu ƙera kati ma sun ji kukan. Katin i225 yana da gurbi huɗu, kuma a 2023 Vinicius Costa Gomes ya koya wa direbansa amfani da su duka. Katin E810 yana da gurabe har 64 ga tasha. Amma yawan alluna ya zo da sabuwar damuwa. Domin tsimin wuri, E810 ba ya rubuta cikakken lokaci, wutsiyarsa kawai yake rubutawa, ƙirgen nanosakan da ke zagayowa sifili duk bayan kusan sakan 4.3. Direba ne ke haɗa wutsiyar da kai. Kamar a ce maka "da minti goma" ba a faɗi ƙarfe nawa ba: idan yanzun nan aka faɗa, ka san awar, idan kuwa an jima, kana iya kuskurenta. Saboda haka direbansa, mai suna ice, yana zubar da duk buƙatar da ta wuce sakan 2 ba a cika ta ba, kuma idan aka sake saita agogon kati yana watsi da hatiman da ke kan hanya, tun da an buga su ne da agogon da ba shi ke aiki ba yanzu. A 2024 Linux ta samar da hanya ɗaya ga dukkan kamfanoni ta bayyana lambobi uku: hatimi nawa aka bayar, nawa suka ɓata, nawa suka zo da kuskure.

Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga cewa kowane gyara hanya ɗaya ya nufa. Direba yana iya duba agogon kwamfuta ya cike gurbin da ƙiyasi, kuma da ya yi haka babu gargaɗin da zai tashi. Aka ƙi wannan hanya. Ƙa'idar da ta zauna ita ce a jira zuwa wa'adi, in bai zo ba a saki, a rubuta cewa an rasa.

Me ya sa ba a cike gurbi

Dalilin lissafi ne. A tsarin PTP na kamfanonin waya, wanda hukumar sadarwa ta duniya ITU ta fitar a 2014, ana aika saƙon saita agogo sau 16 a kowane sakan. Rasa ɗaya ba komai ba ne, wani na tafe nan take. Allon da ya kulle na sakan 15 kuwa ya cinye saƙo 240, shi ya sa wa'adi ke da muhimmanci. Hatimin ƙarya guda ɗaya ya fi su duka sharri, domin na'ura za ta gaskata shi ta ja agogonta zuwa inda bai kamata ba, sa'an nan ta raba wannan kuskure ga duk na'urorin da ke bin ta.

An ga irin wannan a fili ranar 26 ga Janairu 2016. Yayin da rundunar sojin saman Amurka ke sallamar wani tsohon tauraron ɗan'adam na GPS, sai wasu taurarin suka fara watsa lokacin da ya kauce da kusan maikrosakan 13. Na tsawon sa'o'i na'urorin kamfanonin sadarwa a ƙasashe da dama suka yi ta ƙara, rediyon dijital na BBC ya sami tangarɗa a wasu yankunan Birtaniya. Da taurarin shiru suka yi, da na'urorin sun koma kan agogonsu na ko-ta-kwana. Abin da ya rikita su shi ne magana mai kama da gaskiya.

Masu nazarin tarihin Kano sun san wannan matsala ta wata fuska. Kundin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci yana faɗin shekara nawa kowane sarki ya yi a kan gado, ba ya faɗin shekarar hawansa. Da H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, sai ya yi lissafi da baya-baya daga zamanin da aka san shekarunsa, ya sa hawan Bagauda a 999. Lissafin yana da amfani, amma lissafi ne, kuma kuskure a mulkin sarki ɗaya yana tura duk waɗanda suka gabace shi. Yau ɗalibai da yawa suna haddace 999 tamkar wani ne ya tsaya a Dala ya rubuta ta a ranar. Lambar da aka ƙiyasta ta shiga rigar lambar da aka shaida, kuma da ta shiga, raba su sai ƙwararre.

Inda abin ya shafe mu

A Disamba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangon 3.5GHz na fasahar 5G. MTN da Mafab suka yi nasara, kowannensu a kan dala miliyan 273.6. MTN ta fara aiki a 2022, Kano kuma tana cikin biranen farko. A wannan zango, aikawa da karɓa hanya ɗaya suke bi, ana yin su ne bi da bi, kamar gada mai ɗaukar mota ɗaya. Dole duk turakun sadarwar da ke maƙwabtaka, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, su yi magana tare su yi shiru tare, kuma ƙa'ida ba ta yarda ɗayansu ya kauce fiye da maikrosakan 1.5 ba. Wanda agogonsa ya zame zai yi ihu a lokacin da maƙwabcinsa ke kasa kunne ga wayar hannu mai raunin murya. Mai waya zai ce sabis ya lalace, alhali ƙarfen na tsaye, wuta na nan. Turakun suna samun lokaci ne daga GPS, ko ta PTP a kan faiba, ko duka biyun, kuma yayin da fasahar ke faɗaɗa daga birane zuwa garuruwa irin su Gwarzo da Kabo, wannan ƙa'ida za ta biyo ta.

Ƙa'idar da injiniyoyin suka isa gare ta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk ranar 29 ga Sha'aban ana fita duban wata, ana jiran sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Idan shaida ta zo, ta kuma inganta, an tsai da wata. Idan hazo ya rufe sama ba a gani ba, ba a zauna jira har abada, ba a kuma ce an gani. Ana cika talatin ne, kowa ya san dalili. Shaida tana da mazauninta, wa'adi yana da nasa.

Inda muke da rauni shi ne a rajistocinmu na yau da kullum. Takardar awon mara lafiya da aka manta ba a cike da ƙarfe biyun dare ba, sai a cike ta da asuba da lambar da ta yi kama da ta jiya. Littafin zuwa aiki da kowa ya rubuta 8:00. Takardar karɓar kaya da aka sa wa kwanan watan da ya wuce don lissafi ya daidaita. A kowane ɗayansu an ɗauki gurbin da babu komai a matsayin abin kunya, aka rufe shi. Likitan da ya zo da safe kuwa, da gurbi ya gani, da ya sake awo. Da yake lamba ya gani, sai ya rubuta magani a kanta.

Saboda haka idan aka kawo maka rahoto daga kowane irin tsari, na'ura ce ta haɗa shi ko mutum, ka nemi shafin da ke nuna sau nawa aka rasa. Idan aka ce maka ba a taɓa rasawa ba, ka tambayi yadda ake ƙirgawa, da kuma abin da ake rubutawa a ranar da mai awo bai zo ba.